Daren da Zazzaɓi Ya Tarar da Mu a Damagaram

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, ni kuwa na ƙara da cewa tafiya da ƙaramin yaro makaranta ce sukutum. A watan Satumba na 2022 muka tashi daga Kano zuwa Damagaram bikin 'yar goggon maigidana, ni da autana mai shekara uku. Maigida bai samu zuwa ba saboda aiki. Muka bi ta Kazaure, muka wuce Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, sai Matamai, sai ga mu a Zinder gab da la'asar. Tafiyar kusan kilomita 240 ce, amma tsaye-tsayen hanya suka cinye mana yini.

Garin ya burge ni ƙwarai. Manya-manyan duwatsu zube a cikin gari kamar an jera su da hannu, ga gidajen ƙasa masu zanko da zane a unguwar Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take. Goggo ta ce mini nan ne hedikwatar Nijar a zamanin Faransawa kafin a mai da ita Yamai a 1926. Ran Alhamis muka shiga Kasuwar Dole, na yi ta kallon kayan dukanci har na manta kaina.

A daren ranar ne labari ya sha bamban. Wajen ƙarfe goma na taɓa yaron na ji jikinsa rau kamar garwashi. Ya ƙi abinci, ya yi amai sau ɗaya, sai numfarfashi yake. Gabana ya faɗi ras! A Kano ina da likitan da ya san shi tun haihuwa, nan kuwa ko hanyar bakin titi ban sani ba.

Matan biki suka yi caa a kaina. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce iska ce a yi masa hayaƙi, wata kuma ta ce a kira mai tallar magani a faranti ya haɗa masa ƙwayoyi. Goggo ta tsawatar. Ta ce, "Ke 'yar nan, goya shi mu tafi likita. Ba a wasa da masassarar damina." Ashe a can asibitin ne suke kira likita.

Muka hau kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Muka tarar da ma'aikacin jinya mai kwanan aiki. Ya ɗora yaron a sikeli, kilo 13. Ya auna zafin jiki, 39.5. Sannan ya tambaye ni, "Madam, ya yi jijjiga? Yana iya shan ruwa?" Na ce bai yi ba, kuma yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ya tsira masa 'yar allura a yatsa, ya ɗiga jinin a kan wata 'yar roba, ya ce mu jira minti goma sha biyar. Wallahi ban taɓa ganin mintuna masu tsawo irin waɗannan ba. Layi biyu suka fito. Maleriya ce.

Ya ba mu Coartem, ya yi mini bayani dalla-dalla. Yaro mai nauyinsa ƙwaya ɗaya zai sha yanzu, ɗaya bayan awa takwas, daga nan safe da yamma har a cika sau shida cikin kwana uku. A ba shi da madara ko abinci mai maiƙo don maganin ya fi shiga jiki. In ya amayar nan take, a sake ba shi. Ya ja mini kunne kada in daina don na ga ya tashi yana wasa. Ya ce in kuwa na ga jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko barci mai nauyi da ba ya farkawa, to kada in jira gari ya waye, sai babban asibiti.

Na buɗe jaka zan biya, ya ce ba a karɓar kuɗin duba yaro. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake wani lokaci magani kan yanke. Ranar ma farasitamol na ruwa ya ƙare, sai ya rubuta mana takarda, ya kwatanta mana kantin maganin da ke kan layin kwana a wannan makon, don a can bi da bi suke buɗewa da dare.

A nan na sha kunya. Mai kantin ya ce dala ɗari uku. Na dafe ƙirji na ce, "Dalar Amurka?" Goggo ta yi dariya har da hawaye. Ashe dala a wurinsu sefa biyar ce, jaka kuma dubu ɗaya, ke nan kuɗin 1,500 ne. Ni kuma naira ce zalla a hannuna, sai ita ta biya.

A kwana na biyu jikin ya sauka. Ranar kai amarya yana can yana tsalle cikin yara, ni kuwa ina bin sa da ƙwayar ƙarshe da kofin madara.

'Yan uwana mata, ga abin da na tsinta a wannan tafiya. In kin sauka baƙon gari da yaro, tun da rana ki tambayi masu masauki ina asibiti mafi kusa, kuma wane kanti ke buɗewa da dare. Ki riƙe katin asibitinsa, ki san nauyinsa, domin da shi ake auna magani. Ki canji kuɗin ƙasar tun a iyaka. Ki sa gidan sauro a jaka, ni na bar nawa don kada kaya su yi yawa, ga abin da ya jawo. Kada ki ba yaro asfirin, kuma ki bar batun kulorokwin, an daina dogaro da shi tun da ƙwayar cutar ta saba da shi. Zazzaɓi dai a yi gwaji kafin a sha magani.

Har gobe in Goggo ta bugo waya, kafin ta tambayi lafiyar maigida sai ta ce, "Ina mai dalar Amurka?" Allah Ya saka mata da alheri, Ya raya mana zuri'a.