Fataucin mata: ƴar Gaya a bikin fitilu na Indiya

Gaya gari ne da hanya ta raina. Daga gabas ga Kamba ta Najeriya, daga kudu, ƙetaren kogin Kwara, ga Malanbil ta Binin, saboda haka matan garin ba baƙin tafiya ba ne. Iyayensu sun san kasuwar Dantokpa ta Kwatanu da ta Asigame ta Lome tun suna da goyo. Amma da aka rufe gada a shekarar 2023, kaya da mutane suka koma ƙetarawa cikin kwalekwale, sai ribar kudu ta ragu, wasu daga cikinsu suka fara hangen nesa. Cikinsu har da wata Hajiya mai sayar da yadi da gyale, wadda ta yanke shawarar zuwa Indiya da ƙafarta, tunda an ce zuwa da kai ya fi aike.

Ba kuɗinta kaɗai ta ɗaura ba. Akwai ɗaukar adashi, akwai saƙon mata shida, kowace da bikin ɗiya a gabanta, akwai kuma rancen ƙanen mijinta, ma'aikacin gwamnati, wanda ya ce a mayar masa kafin ƙarshen shekara. Maigida bai yarda ba sai da ya tabbatar su uku za su tafi, cikinsu da wata dattijuwa ƴar Doso da ta taɓa kai mara lafiya can. Ta yi kusan kilomita 300 zuwa Yamai, ta nemi biza a ofishin jakadancin Indiya, ta adana takardar rigakafin shawara, domin wanda ya sauka babu ita ana iya tsare shi har kwana 6. Komai ta tambaya, daga kuɗin jirgi zuwa farashin kilo a wurin masu aiko da kaya. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba: kalandar mutanen da za ta je wurinsu.

Sun bi ta Adis Ababa, suka sauka Mumbai a makon ƙarshe na Oktoba 2024, daidai lokacin Diwali, bikin fitilu. Mabiya addinin Hindu suna yin sa kwana biyar, tsakanin Oktoba da Nuwamba, gwargwadon lissafin watansu. Wasu suna tunawa da komowar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira, ƴan kasuwa kuwa suna girmama Lakshmi, wadda suka ɗauka ita ce uwar arziki. A wannan makon ake biyan bashi, a rufe tsohon littafin lissafi a buɗe sabo.

Da fari abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Wadda ta tashi tana kallon finafinan Indiya a bidiyon maƙwabta, ga ta yau a tsakiyar abin, ganau ba jiyau ba. Kowace ƙofa an jera ƙananan fitilun yumɓu, an zana furanni da garin launi a dandaɓe, ƴan mata sun sha lalle har gwiwar hannu kamar amaren Dandi. Ranar da suke kira Dhanteras, wadda suke ganin sayen zinari a cikinta sa'a ne, ta shiga Zaveri Bazaar ta ga masu ƙaramin ƙarfi sun yi layi, kowa na neman ko da ɗan kunne ne. A jirgin ƙasa na cikin gari ta tarar da tarago na mata zalla, ta zauna babu mai matsa ta, ta ce a ranta ina ma motocin Gaya zuwa Doso haka suke.

Wahala ta fara ne da suka nufi Surat, garin masaƙu da ke jihar Gujarat, inda ake samun yadi a farashin sari. Tikitin jirgin ƙasa ya yi wuya, domin leburori sun ɗunguma zuwa garuruwansu, kamar yadda ƴan cirani ke watsewa daga Yamai in babbar Salla ta gabato. Da suka isa, sai ƙofofi a garƙame. Ƴan kasuwar Gujarat suna shiga sabuwar shekararsu ne bayan Diwali, kuma galibinsu ba sa buɗe kanti sai rana ta biyar, wadda suke kira Labh Pancham. A waccan shekarar ta faɗo 6 ga Nuwamba. Wasu masaƙun ma hutunsu ya wuce haka. Masu ɗaure kaya da masu dako duk sun tafi.

Nan lissafi ya canza. Kowace safiya otel na cin jarin da ba nata ba, ranar komawa tana matsowa, canza tikiti kuwa da tara. Da dare ƙarar abubuwan fashewa na wasa ba ta barin barci, hayaƙinsu ya tayar wa dattijuwar da tari. Ba su fita bayan magariba, saboda mace baƙuwa, baƙar fata, wadda ba ta jin harshen gari, takan tara idanu, wani ma ya ɗaga salula ya ɗauke ta hoto ba sallama. Daga gida kuwa saƙo bai yanke ba: «Hajiya, an sa ranar biki, yaushe kayan za su iso?»

Ƙaramar cikinsu ta ce: «Yaya, mu koma Mumbai mu sayi abin da ya samu.» Hajiya ta ƙi. Ta ce sayen kanti ba ya fitar da kuɗin jirgi, kuma ba za ta kai wa masu saƙo kayan da za su iya samu a Kamba ba.

Cikin wannan zaman jira ne matar wani dillalin yadi ta aiko a kira su gidanta. Sun yi shawara kafin su je, domin musulma ba ta shiga bautar da ba tata ba. Suka je, suka gaisa, suka tsaya nesa da ɗakin da aka jera gumaka, matar kuwa ba ta matsa musu ba. Da ta fahimci damuwarsu, sai ta kawo musu alewar da ba a kai gaban gunki ba, ta shimfiɗa musu zane mai tsabta da la'asar ta yi. Gidan ba a cin nama, amma ta sa ɗanta ya nuna musu unguwar musulmi inda ake sayar da yankan halal. Ai ƙidayar 2011 ta nuna musulmin Indiya sun haura miliyan 170. Da hannu da murmushi da ƴan kalmomin Turanci aka yi hirar kishiya, da sadaki, da tsadar aurar da ɗiya, sai ga shi kukan gida ɗaya ne.

Da kasuwa ta buɗe, dillalin ya ɗauke ta cikin masu buɗe masa sabon littafi, abin da suke ɗauka alheri ne, ya rage mata farashi. Ragin bai rufe ɓarnar kwanakin otel da tarar tikiti ba. Ta dawo da saƙon kowa cif, ta biya rance a kan lokaci, ribarta ce ta tafi. Abin da ya rage mata shi ne lambar gidan da yanzu take aika wa oda ba tare da ta taka jirgi ba.

Masu niyyar wannan hanya, ko don fatauci ko don jinya ko aikin gwamnati, su tambayi ranar Diwali kafin su yanki tikiti, domin kowace shekara tana motsawa: wanda zai yi sari ya je wata guda kafin bikin, ko mako biyu bayansa. Su kuma kula da Holi, bikin watsa launi da yawanci ke zuwa a watan Maris, wanda a 2025 ya faɗo ranar Juma'a 14 ga wata, cikin azumi. A ranar ana sa maye, ana shafa wa wanda aka sani da wanda ba a sani ba, mace baƙuwa gara ta zauna masauki har bayan azahar. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su da riba.