Sandar Gora da Sanda Mai Kwarkwaro

Salaga da Yendi da Bawku ba garuruwan masunta ba ne. Fatauci ne ya kai Hausawa waɗannan wurare na arewacin Gana, musamman cinikin goro wanda ya sa sunan Salaga ya kai har Kano kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwarta. Duk da haka kowane ɗayansu yana da ruwansa. Kogin Daka yana wucewa kusa da Yendi, daga gare shi garin yake shan ruwa. Kudu da Salaga akwai Makango a bakin tafkin Volta, inda ake fito zuwa Yeji. Bawku kuwa tana da Farin Volta daga yammacinta, da ƙananan madatsai a ƙauyuka. Ran Asabar, ko da yamma bayan an tashi aiki, ba a rasa malamin makaranta ko tela ko ɗan kasuwa zaune a gaɓa yana fatsa. Ba domin sayarwa ba, sai domin shan iska da ɗan abin miya.

Masu wannan fatsa sun kasu biyu. Akwai masu sandar gora, da zare kamu biyar ko shida, da ƙugiya, da ɗan guntun kara wanda yake yawo a kan ruwa don ya nuna in kifi ya taɓa. Tana ce abincin ƙugiyarsu, ko gara, ko ɗan tuwon da ya kwana. Akwai kuma masu sandar kanti, wadda take da kwarkwaro na naɗe zare, ana murza shi da hannu. Da ita mutum yakan jefa ƙugiya can tsakiyar ruwa yana tsaye a tudu, wani lokaci ma da ɗan kifin roba mai ƙyalli maimakon tana.

Wani tsohon malamin makaranta a Yendi ya sami irin wannan sanda kyauta daga ɗansa mai aiki a Kumasi. Ya karɓa, ya sa masa albarka, ya rataye ta a ɗaki. Da suka je Daka tare, sai ga tsohon ya ɗauko gorarsa.

Ɗan ya ce, "Baba, ai wannan ta fi taka kai wa nesa."

Uban ya ce, "Na gani, ɗana. Amma wa ya faɗa maka tarwaɗa tana nesa?"

Gaskiyar tsohon ke nan a wannan wuri. Da rani Daka yakan janye ya bar gurabe, tarwaɗa kuwa tana kwance a laka, ƙarƙashin saiwoyin itatuwan gaɓa, ba ta fitowa sosai sai rana ta yi sanyi. Wanda ya jefa ƙugiya nesa ya tsallake ta. In kuwa ya ja kifin robansa ta cikin saiwoyi, nan zai bar shi, kuɗinsa sun tafi. Gora in ta karye, a yanko wata.

Amma ɗan ma ya riƙe nasa zance, kuma ba a iya ture shi ba. Ya ɗaga zaren gorar uban ya tambaya wane kakansu ya taɓa ganin irinsa. Zaren roba ne na masana'anta. Ƙugiyar ba maƙerin zango ya ƙera ta ba, a kwali aka sayo ta. Har abin da yake yawo a kan ruwa ma ranar nan ba kara ba ne, guntun tsohon silifa ne. Abin da ake kira fatsar gargajiya ya daɗe da karɓar kayan zamani, ya karɓa a hankali ne kawai har ba wanda ya lura. Ba wanda yake kewar igiyar rama wadda take ruɓewa cikin damina ɗaya. Abin da tsohon yake da shi wanda babu a kanti shi ne sanin ruwan: inda karfasa take gida, lokacin da ƙurungu yake ci, yadda ake kama shi ba tare da ƙayarsa ta soki hannu ba, da watan da kifi yake ɗauke da ƙwai har ya kamata a mai da shi.

Masu son gargajiya sukan kawo misalin Argungu, inda ake bikin su tun 1934, dubban mutane su faɗa ruwa da homa da goran duma kaɗai. To, amma abin da yake sa a sami giwan ruwa a Matan Fada ba homa ba ce. Hana kamun kifi a wurin ne har ranar biki, da Sarkin Ruwa wanda ake jin maganarsa.

Gama ba gora ko kwarkwaro ne suke ƙarar da kifi ba. Mai ƙugiya ɗaya kifi ɗaya yake kamawa, kowace irin sanda ya riƙe. Ɓarna tana wajen mai jan gidan sauro a gurbi da rani, ya kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Tana wajen mai zuba guba. A nan mai karatu ya lura, guba ba baƙuwa ba ce: tun dā ana daka magimfa a zuba a ruwa, kifi ya taso yana maye. Maganin ƙwari irin su Gammalin 20 hanyar magimfa ya bi, sai dai ya fi ta mugunta nesa. Dokar kifi ta Gana ta 2002 ta hana guba da nakiya, amma ma'aikaci ba ya kwana a bakin kowane gurbi, ruwan nan kuwa shi mata suke ɗiba su kai gida.

A Makango gardamar sanda takan zama abin kunya. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya ci ƙasa wajen murabba'in kilomita 8,500, aka ta da mutane kimanin 80,000, tsohuwar Kete Krachi ta nutse. Itatuwan dajin da ruwa ya rufe suna nan tsaye a ƙarƙashi. Su ne maɓoyar kifi, su ne kuma suke kama kallin masunta, yara ƙanana kuwa ake turawa su nutsa su kwance shi. Waɗansunsu ba su fitowa. Mai fatsar nishaɗi wanda bai kama kome ba, ya tsaya ya sayi karfasa a bakin jirgi don kada a yi masa dariya a gida, da wuya ya tambayi wane hannu ya ciro ta.

Bawku labarinta dabam ne. Shekaru masu yawa mutane sun guji kwarin Farin Volta saboda ɗan baƙin ƙudan nan mai kawo makanta, har ƙauyuka suka zama kufai. Sai da aka soma feshin koguna a tsakiyar shekarun 1970 aka fara komawa gaɓa. Saboda haka saurayin da ya sayi sanda mai kwarkwaro a can ba lalle ya sami tsohon da zai yi masa gardama ba, balle ya koya masa. A waya yake kallon yadda Turawa suke jefa ƙugiya a ruwan da bai yi kama da nasa ba. Kogin ma ya sake hali tun da Burkina Faso ta gina madatsar Bagre a farkon shekarun 1990. In an buɗe ta wajen Agusta ko Satumba, ruwa yakan hau cikin dare ya ci gonaki, gaɓar da mutum ya zauna a kai jiya ta zama tsakiyar kogi. A waɗannan makonni masu gora da masu kwarkwaro duka rediyo suke kasa wa kunne kafin su fita.