Tafiyarmu Bubon

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Mai iyali ba ya yin irin wannan tafiya don yawo kawai. Ni abin da ya tashe ni, aminina ne. Tare muka yi lakkwal a Maraɗi, lokacin da mahaifinsa ke aiki nan. Shi Bazabarme ne. Da suka koma gida, sai muka shekara ashirin ba mu ga juna ba. A 2018 ya aiko mani cewa ciwon suga ya kama shi, idonsa ya fara raguwa. Ya ce: "In za ka zo, ka zo tun ina iya gane fuskarka."

Watan Janairu muka tashi, cikin sanyi, bayan sallar asuba. Ni da uwargida da yara uku, cikin motar aro. Muka wuce Gidan Rumji. A Madawa muka sayi kilishi, a Galmi uwargida ta ce sai an tsaya ta sayi buhun albasa, don ba a zuwa gidan mutane hannu sake. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, duk jandarmomi sun duba takardunmu. Wajen Kure yara suka ga raƙuman dawa suna cin ganyen itace, ba nisa da kwalta. Auta ya yi ta ihu har ya shaƙe.

A Yamai muka kwana. Da safe muka kama hanyar Tilaberi, kusan kilomita 25, sai ga Bubon a bakin kogi. Na iske shi zaune kan tabarma, ya rame. Ya kama hannuna, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce: "Kai ma ka yi furfura, ashe!" Matarsa ta kawo shinkafa da giwan ruwa, da kwaɗon zogale da suke ce ma kopto.

Ku sani, ƴaƴana ba su taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Gulbin Maraɗi sai da damina yake gudu, da rani yashi ne. Shi ko kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, ya fi cika cikin sanyi. Dalili, ruwan saman da ya zuba a duwatsun Gini yana daɗewa a hanya, yana bin ƙasar Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake isowa nan.

Aminina ya sa aka kawo jirgin wani masunci. Uwargida ta ce: "Maigida, ni dai ban shiga. Ku tafi, Allah ya kiyaye." Da ƙyar matar gidan ta lallashe ta. Masuncin ya gindaya mana doka: kowa ya zauna tsakiya, ba miƙewa tsaye, ba leƙa ruwa. Ya ce akwai wuraren da ba a bi saboda dorina, musamman in tana da ɗa.

Akwai kuma wani ƙaramin jirgin roba na mutum guda, wanda nasaru ke kira kayak. Filafilinsa baki biyu gare shi, a tsoma dama, a tsoma hagu. Babban ɗana ya nace sai ya gwada. Aka sa mashi rigar da ke hana nutsewa. Da farko jirgin ya yi ta juyawa wuri guda kamar jakin da aka ɗaure, mutanen bakin ruwa na dariya. Aminina, da ba ya ganin nesa sosai, daga ƙarar ruwa ya gane matsalar. Ya ce: "Ɗana, hannun damanka ya fi ƙarfi. Sassauta shi." Nan take jirgin ya miƙe.

Muna tsakiyar ruwa ya sa masuncin ya tsoma gora. Ba ta yi nisa ba ta taɓa ƙasa. Ya ce yashi ne ke cike kogin, wanda ruwan ƙoramu ke kwasowa tun da aka sare itacen tudu. Ya tuna mani da 1985, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai, mutane na ƙetarawa da ƙafa.

Kwana uku muka yi. Da za mu tashi ya ba mu busasshen kifi da tukwane biyu na ginin matan Bubon. Guda ta fashe a ramin hanya kafin Doso. Gudar tana nan tsakar gida, ciki muke sanyaya ruwan sha.