Sawu ɗaya, rami ɗaya

Ƙasar Kanya Babba jigawa ce, rairayi mai laushi wanda ba ya rufa wa ƙafa asiri. Wanda ya fito da sanyin safiya, kafin awaki da 'yan acaɓa su dagula hanya, zai iya karanta duk wanda ya wuce da inda ya dosa. Ga kofaton jaki, ga yatsun kaji, ga silifas ɗin yaran da aka aika ɗebo ruwa. A cikinsu akwai wani sawu da na daɗe ina lura da shi: takalmi ɗaya na ƙafar dama, a gefensa kuma ɗan rami zagayayye kamar an kifa bakin kofin shayi a ƙasa. Sawu da rami, sawu da rami, tazararsu daidai wa daida kamar da igiya aka auna.

Sawun wani dattijo ne da duk unguwa ke kira Baba Kofur. Yara da yawa ba su san sunansa na yanka ba, ni ma a nan zan bar shi da sunan da aikin soja ya bar masa. Ramin kuwa na sandar hammatarsa ne. A ƙarshen sandar akwai wata roba da mai gyaran takalmi ke yanka masa daga tsohuwar tayar mota, ya kafe ta da ƙusa uku. In ta cinye, ƙarfen ya fito, za ka ji shi tun daga nesa idan ya hau kwalta: ƙwas, shiru, ƙwas. In an sa sabuwa kuwa, sai dai ka ga mutum a kanka yana sallama.

Wata safiya na bi sawun nan don in ga inda zai kai ni. Daga ƙofar gidansa ya miƙe masallaci, wannan ba abin mamaki ba ne. Daga masallaci bai koma gida ba, ya karkata zuwa famfon tuƙa-tuƙa. A nan ramukan suka yi yawa wuri guda, suka zagaye famfon, alamar ya daɗe a tsaye. Shi ne mai jera jarkoki. Kafin ya ɗauki wannan aiki, kullum sai an yi rigima a bakin famfon, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi, 'yan ga-ruwa su mamaye wurin, yarinya ta makara zuwa makaranta da bokiti babu ko ɗigo. Yanzu layi biyu ne. Masu zuwa makaranta da 'yan aiken tsofaffi su fara, masu kura su biyo baya. Ba wanda ya naɗa shi, ba takarda, ba albashi. Idan hannun famfon ya fara sassauci, shi ke bi gida gida yana karɓar abin da ya sawwaƙa, ya rubuta a wani ɗan littafi da yake sakawa a aljihun gaba, ranar Juma'a bayan an sauko ya karanta wa jama'a abin da aka tara da abin da mai gyara ya karɓa, har canjin da ya rage.

Daga famfo sawun ya fita bakin titi, wanda ya taso daga Kunya ya ratsa Kanya ya nufi Babura da Babban Mutum. A nan rairayi ya ƙare, sawu ya ɓace mini, amma ga mai shi a tsaye. Ya dogare sandar a hammata, ya ɗaga hannu ɗaya sama, motar da ta ɗebo buhunan riɗi ta ja birki, 'yan firamare suka tsallaka a jere kamar 'yan tsaki. Direbobin hanyar sun san shi. Wani ya sara masa ta taga, wani ya ce, "Ranka ya daɗe, Kofur!" Shi kuma ba ya sauke hannu sai ƙaramin cikinsu ya taka ɗaya gefen.

Mutanen da suka kai shekarunsa sun san yadda aka yi ƙafar ta tafi. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, lokacin nan yankinmu yana cikin sabuwar Jihar Kano, Audu Baƙo na gwamna, Jigawa kuwa sai 1991 za a haife ta. Sojan Najeriya da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi ya kumbura har ya kai wajen dubu 250 a ƙarshensa, kuma da 'ya'yan manoma irinsa aka cike wannan adadi. Aka ɗebe su, aka ba su horon 'yan makonni maimakon watanni, aka ɗora su a jirgin ƙasa zuwa kudu. Shi ya faɗa Runduna ta Biyu, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta, wadda ta sha wuya wajen ƙetare Kogin Kwara zuwa Anacha a watan Oktoban 1967, wadda kuma aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana ranar 31 ga Maris, 1968, ayarin motocinta ya ƙone ƙurmus. Shi dai ba a Abagana ya bar ƙafarsa ba. Wata nakiya ce ƙirar Biyafara, wadda su can ke kira ogbunigwe, sojojin tarayya kuma ke ce mata bokitin Ojukwu, ta tashi da shi a wata hanyar daji. Ya farka a gadon asibiti, ya kai hannu zai sosa ƙafar hagu, ya tarar da zani kawai.

An ba shi ƙafar roba bayan yaƙi, daga baya ma ya je Asibitin Ƙashi na Dala aka auna masa wata. Tana nan rataye a ɗakinsa. Ya ce a birni tana da amfani, amma a rairayinmu nutsewa take yi, a zafin bazara kuma dungun ya yi gumi ya saluɓe. Sanda ta fi masa sauƙi.

Ran nan na same shi a dakalin ƙaramin asibitin gari, ranar awon masu juna biyu, yana raba lamba ga mata don kada a yi turereniya. Da ya samu sarari na zauna kusa da shi na ce, "Baba, shekaru sun ja. Me zai hana ka huta, yara su karɓe ka?"

Ya yi shiru yana murza robar sandarsa da babban yatsa. Can ya ce, "Ɗana, ranar da abin nan ya same ni, wani ne ya goya ni. Ba Bahaushe ba ne, ba na jin yarensa, shi ma Hausarsa ta bariki ce. Harsashi na wucewa, ya saɓa ni a baya kamar buhun gero, ya yi tafiya da ni har inda mota take. Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba. To wa zan biya? Sai wanda na samu a gabana."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a ka, domin ba shi kaɗai ne sojan da ya rayu da irin wannan bashi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama, Turawan Ingila sun kwashi dubban 'yan Afirka ta Yamma cikin Runduna ta 81 da ta 82, Hausawa da yawa a cikinsu, har Hausa ta zama harshen bariki. Cikin waɗanda suka je Bama akwai Isaac Fadoyebo, yaro daga ƙasar Owo, ma'aikacin jinya a soja. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka buɗe musu wuta a gaɓar Kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi cikin gawawwaki. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi tare da wani soja ɗan Saliyo, David Kagbo, yana ciyar da su wajen wata tara, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun halaka. Fadoyebo ya dawo gida yana ɗingishi, ya kama aikin gwamnati, ya yi shekaru yana yi. Sai a 2011 wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya ɗauki wasiƙar godiyarsa ya kai wa 'ya'yan Shuyiman a ƙauyensu. Shekara guda bayan haka Fadoyebo ya rasu. Shi ya samu inda zai aika godiyarsa. Baba Kofur bai samu ba, sai ya rarraba tasa a bakin famfo da bakin titi.

Inda na fi ganin nauyinsa shi ne lokacin rigimar allurar shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, kuma jita-jitar ba ta tsaya a kan iyakar jiha ba, ta shigo ƙauyukanmu ta zauna shekaru. Masu ɗiga maganin sukan zo ƙofar gida a ce musu babu yara, alhali ana jin kukansu daga soro. Baba Kofur ya riƙa bin su da sandarsa. Ba ya dogon wa'azi. Yakan tsaya a zaure ya ce wa maigida, "Malam, dube ni da kyau. Ni nakiya ce ta ba ni wannan sanda, ba ni da zaɓi. Kai kana da shi." Gidaje da dama a kan wannan magana suka fito da 'ya'yansu. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. An ambaci gwamnatoci da sarakuna da manyan ƙungiyoyi, kuma sun cancanta. Amma ni na san akwai ramukan sanda a ƙofofin gidajen da suka fi taurin kai.

Mu kuwa me muka ba shi? A nan ne zuciyata ke sosuwa. Galibinmu hoton tsohon soja da muke da shi a ka shi ne na wasan Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi, shi ma tsohon soja, ya shahara da shi a rediyo da talabijin na Kaduna: gashin baki, tsawa, Hausar bariki, dariya. Wasan ya yi kyau, amma bayan dariyar akwai mutanen da ke kwana da ciwon dungu in sanyi ya sauko. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin ya ƙare a 1970, ana bikin tunawa da mazan jiya. Ana ajiye furanni, a saki fararen tattabaru a Abuja da manyan biranen jihohi, manya su maƙala ɗan baje a ƙirji. Baba Kofur yakan saurara a rediyonsa, sannan ya tafi famfo. Idan lokacin tantance 'yan fansho ya zo, dattijo mai ƙafa ɗaya ne zai shiga motar haya ya matsu da buhuna, ya je birni ya tsaya a layi don ya tabbatar yana da rai. Na taɓa raka shi. Ofishin a bene yake, ba gangara, ba wanda ya sauko. Na riƙe masa takardu, ya kama ƙarfen matakala da hannu ɗaya, ya hau tsani bayan tsani yana haki, bai ce uffan ba. Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 kuma mun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Bai kamata mutumin da ya ba ƙasa jininsa ya kai ga haka ba.

Amma ba gwamnati kaɗai ce mai laifi ba. Mu da muke shan ruwan famfon, mu da 'ya'yanmu ke tsallaka titin lafiya, mun saba da shi har mun daina ganinsa, kamar yadda ba a ganin bishiyar da ake zama a inuwarta kullum. Gonarsa tana bayan gari. A daminar bara sai da ciyawa ta kusa cinye geronsa kafin wasu samari huɗu suka yi masa gayya, alhali in kowane gidan da ke ɗiban ruwa a famfon nan ya ba da mutum ɗaya, kafin hantsi an gama noman.

Wuri na ƙarshe da sawun ke zuwa shi ne maƙabarta. Ba ya iya haƙa, amma shi ke ajiye diga da shebur da tukwanen rufi, shi ya san inda sarari ya rage, shi ke tuna wa jama'a a cike kaburburan da ruwa ya zaftare. Abokan tafiyarsa na 1967 daga wannan yanki kusan duk suna kwance, wasu a nan, wasu a dazukan da ba wanda zai iya nuna wa 'ya'yansu. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 19 a wancan lokaci, yau yana dab da tamanin.

Samarin Kanya Babba da Babura, da na Kazaure da Roni da Gwiwa, kusan kowane gari yana da irin wannan dattijo. Ku je ku gaishe shi, ku zauna, ku kunna wayoyinku ku naɗi labarinsa da bakinsa tun yana iya bayarwa. Ku karɓi layin famfo da bakin titi ko da kwana biyu ne a mako, ku sa gonarsa cikin gayyar bana. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su zuba gangara a ƙofar asibiti da sakatariya, buhun siminti kaɗan ne. Wanda duk wannan ya fi ƙarfinsa, ya duba ƙarshen sandar. Jiya da na ji Baba Kofur ya hau kwalta, ƙarfen ne ke bugawa.