Sha Biyu Ko Sha Biyar? Abin Da Hayaniyar Kasuwa Ta Koya Mana



Wata Alhamis da ta wuce, ana tsakiyar cin kasuwa a nan Kasuwan Magani, aka kira mu shugabannin ƙungiya mu raba wata gardama a layin 'yan hatsi. Wata dattijuwa 'yar Adara ce ta zo daga ƙauye sayen wake. Mai kaya ya ce mata dubu goma sha biyar, ita kuwa sha biyu ta ji. Aka auna, aka ƙulle, sai wajen biyan kuɗi magana ta tashi. Ta dage cewa ya canja farashi, shi kuma ya ce dama da niyyar cuta ta zo. Kafin mu iso har mutane sun taru, kowa ya tsaya bayan nasa.

Da muka ja su gefe inda babu ƙara, muka ce wa mai kaya, "Malam, maimaita wa Mama abin da ka faɗa." Yana faɗa ta ji daidai, ta riƙe baki. Ashe babu maƙaryaci a cikinsu. Rumfarsa tana jikin injin niƙa, ga janareta a baya, ga mai talla da lasifika a gaba.

Wani zai ce ai shi ma mai kaya a cikin ƙarar yake, me ya sa shi yake ji? Amsar tana ga harshen da kowa ya tashi da shi. Wanda ya sha Hausa a nono, ko da ƙara ta cinye rabin kalma, ƙwaƙwalwarsa za ta cike gurbin, domin ta ji kalmar sau ba adadi. Wanda ya koya da girma yana buƙatar kowane sauti ya iso kunnensa cikakke. A shekarar 1997 wasu masana uku a Amurka, Mayo da Florentine da Buus, sun gwada masu jin Sifaniyanci da suka koyi Turanci. A wuri shiru duka suna ji sarai. Da aka ƙara hayaniya, waɗanda suka koya bayan shekara 14 sai suka faɗo ƙasa da waɗanda suka koya kafin shekara 6, kuma ba sa iya kamo kalmar da ta ɓace daga sauran maganar yadda na farkon ke yi.

Hausarmu kuwa tana da tarkuna da mu ba ma gani. Kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka, ɗan sauti ne kawai ya raba su. Gari na zama da gari na tuwo, jan wasali ne bambancinsu. A lissafi ga biyu da biyar, bakwai da takwas, arba'in da saba'in, talatin da tamanin. Baƙaƙen da ke rarrabe irin waɗannan kalmomi gajeru ne, ba su da ƙarfin wasula, don haka su ƙara ke fara haɗiyewa. Mu tuna kuma kasuwarmu tana kan hanyar Kaduna zuwa Kachia da Kafanchan. Adara da Gbagyi da Fulani da Bajju da Atyap da Ibo duk da Hausa suke ciniki, alhali da yawansu ba ita ce harshen gidansu ba.

Kafin mu yi wa kowa dariya, mu duba kanmu. Wane ne cikinmu bai taɓa tsayawa a banki ko asibiti a Kaduna ba, ma'aikaci na magana da Turanci ta bayan gilashi, mun kasa tantance fifteen ya ce ko fifty, muka gyaɗa kai don kunya? Haka yaranmu a aji. Ruwa na dukan kwano, ajin kusa na karatu da ƙarfi, malam na koyar da Turanci, yaron da dama p da f ke rikita shi yana can kujerar baya. Gobe a ce daƙiƙi ne, alhali kunnensa ne bai samu abin kamawa ba.

Ga abin da muke roƙon 'yan ƙungiya. In kana ciniki da wanda Hausa ba harshensa ba, ka fuskance shi ya ga bakinka. Tun 1954 binciken Sumby da Pollack ya nuna ganin fuskar mai magana na ƙara fahimta matuƙa a cikin ƙara. Ka rage sauri maimakon ka yi ihu. Ka nuna farashi da yatsu ko ka rubuta a waya, ka sa ya maimaita kafin a auna. In an ce maka "me ka ce?" sau biyu, ka canja kalma, kada ka canja fuska. Mu kuma za mu kai wa shugabannin kasuwa kokenmu kan lasifikokin da ake kafawa a bakin rumfuna.

Ba mu ɗauki wannan ƙaramar magana ba. Garin nan bai manta da watan Oktoba na 2018 ba, lokacin da rikicin da ya tashi ranar kasuwa ya ci rayuka 55 a ƙidayar 'yan sanda. Mun san yadda cacar bakin mutum biyu ke komawa ta jama'a biyu. Saboda haka kafin mu kira mutum macuci, mu fara tambaya ko ya ji mu.

Ita dai Mama ta biya sha biyar ɗinta, mai kaya ya yi mata gyara, ya kuma sa yaronsa ya kai mata kayan har bakin mota.

Allah Ya ƙara mana zaman lafiya da fahimtar juna.