Zoɓon Ƙasar Dutse da Abincin da Ya Dace da Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayanin wani arziki namu wanda muka raina.

Limawa tana cikin Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a shekarar 1991. Duwatsu sun kewaye wurin, ga itatuwan dabino a ƙarƙashinsu. Na zaga ƙauyukan ƙasar da kaka, na ga yakuwa ta yi jajawur a gefen gonakin gero. Ba ta da fitina, jigawa ma ta ishe ta. A sha miya da ganyenta, a yi daddawar batso da 'ya'yanta, sa'an nan a shanya soɓorodonta, watau abin da ake dafa zoɓo da shi.

Zoɓo haɗi ne, gwaninta kuwa tana wajen awo. Soɓorodo ke ba da launi da tsami, citta da masoro su ba da yaji, kanumfari ya ba da ƙamshi. Kadan kanumfari ya yi yawa, sai ya danne sauran. Waɗansu kan jefa 'yar kanwa don kashe tsami, amma takan dusashe jan nan ya koma baƙi-baƙi. Ni dai a ganina, maimakon sukari gara a jiƙa dabinon Dutse a tace a zuba, ko kuwa a sa mazarƙwaila.

To, da me za a sha shi? Tsaminsa yana yanke maiƙo, saboda haka babu abokinsa kamar balangu da tsire, ko waina da ƙosai masu zafi. Kadan kilishi za a ci, a rage citta, don kada yaji ya hau kan yaji. In alkaki ne ko nakiya, a bar shi da tsaminsa, zaƙinsu ya isa. Amma kada a haɗa shi da miyar yakuwa ko fura da nono, gama tsami biyu ba su zama a baki ɗaya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanen Bodo a Faransa suna gauraya inabi iri-iri su yi jar giyarsu, su sa mata sunan ƙasarsu, har su ce da jan nama ta dace. Giya haram ce ga Musulmi, amma dubi yadda suka ɗaukaka amfanin gonarsu! Mu kuwa ana auna namu a kasuwanni irin su Shuwarin da Maigatari, a ɗura a buhuna, a bi da shi ta Ikko har Meziko, inda shan zoɓo ya zama al'ada. Mutanen Masar suna ce da shi karkade, na Sanagal bisab, kowa yana tarbar baƙo da shi. A nan kuwa sai mutum ya ji kunyar miƙa wa baƙo zoɓo, ya aika a sayo lemon kwalba.

Laifin ba na masu sha kaɗai ba ne. Waɗansu masu sayarwa sukan sirka shi da ruwan da ba a tafasa ba, su zuba a tsintattun robobi, har da ƙarin kala. Wa zai amince da wannan?

Ina kira ga malaman makaranta da malaman tsabta su koya wa jama'a wanke soɓorodo, da tafasa ruwa duka, da tsabtace mazubi. Attajiranmu kuma su kafa wuraren ɗura shi a nan gida, da sunan Dutse a jiki, don riba ta tsaya wurin wanda ya yi noma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Dutse.