Harshen Takalmi

Bahaushe ya saba sayen takalmi da ƙafarsa da hannunsa. A kasuwar Tsibiri ta ranar Laraba, ko a babbar kasuwar Maraɗi, mai saye yakan zura ƙafa, ya taka sau biyu ko uku, ya lanƙwasa ƙasan takalmin don jin ƙarfinsa, sannan a shiga ciniki. A da ma baduku ne yake durƙusawa ya zana ƙafar mutum, ya ɗinka masa daidai da ita. Yau kuwa yawancinmu ɗalibai ta waya muke saye. Ana ganin hoto a WhatsApp ko Facebook, a yi musayar saƙon murya, a tura kuɗi, sannan direba ya ɗauko kaya daga Kano, ya biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ya sauke a tashar Maraɗi. A irin wannan ciniki, kalma da lamba kaɗai suka rage a hannun mai saye, shi ya sa nake ganin batun ya shafe mu masu nazarin harshe.

A gidanmu ni ake ɗora wa irin wannan sayayya. Bana ƙanena yana shirin gwajin motsa jiki na jarrabawar BEPC, mahaifinmu kuma ya ware kuɗin takalmi daga abin da ya samu na wake. Kuɗi ne da ba za a iya fitar da irinsu sau biyu ba. Saƙon yaron gajere ne: "Yaya, basket nake so, lamba 43, orijinal." Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan uku sai da na tsaya a kanta.

Ta farko ita ce sunan takalmin. A Nijar muna cewa basket ko tenis, kalmomin da muka aro daga Faransanci, wanda shi ma ya ɗauko su daga sunayen wasanni na Ingilishi. Ɗan kasuwar Kano kuwa kambas ya sani, daga sunan wani yadi mai kauri da ake yin takalmin da shi a da. Duk kalmomin ukun ma'anarsu ta faɗaɗa har ta haɗiye kowane takalmi sau-ciki mai ƙasan roba. Sakamakon haka, ba sa bambanta takalmin gudu, mai laushin dunduniya da sauƙin nauyi, da na ado, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ya fi dacewa da zaman fada. Tun da suna ya daina rarrabewa, dole mai saye ya faɗi aikin da takalmin zai yi.

Ta biyu ita ce lamba, kuma a nan ne aka fi yin asara, domin mutane suna ɗauka cewa lamba ba ta da karin harshe. Lambar da muka saba da ita, wato 40, 41, 42, tsarin Faransa ne, inda tazarar kowace lamba ta kasance kashi biyu bisa uku na santimita. Lamba 42 ke nan santimita 28 ce, amma tsawon ƙirar da aka ɗora takalmin a kanta ake nufi, ba tsawon ƙafa ba. Ingila tana ƙirga nata da kashi ɗaya bisa uku na inci, Amurka ma haka, sai dai ta fara ƙirgenta daga wani wuri dabam, kuma ta raba lambar maza da ta mata. Ko manyan kamfanoni ba su daidaita ba: lamba 9 ta maza a tsarin Amurka, Nike yana rubuta ta 8 a tsarin Ingila da 42.5 a na Turai, Adidas kuwa 8.5 da 42 da biyu bisa uku. Idan haka take ga masu suna, ina ga ƙaramar masana'antar da ke buga lamba yadda ta ga dama?

Akwai ƴar takarda da ake mannawa a cikin harshen takalmi, wato fatar da ke kwance ƙarƙashin igiya. A kanta ake jera waɗannan lambobi duka, kuma a ƙarshen layi akan ga CM ko JP, wanda yake nuna tsawo da santimita ko milimita. A misalin da na kawo, a nan ne kamfanonin biyu suka haɗu: ɗaya ya rubuta 27, ɗayan 270. Santimita ɗin Tsibiri ita ce ta Kano, ita ce ta Sin. Don haka na sa ƙanena ya tsaya a kan takarda da yamma, lokacin da ƙafa take ɗan kumbura, sanye da safa, dundunniyarsa jingine da bango. Aka yi alama a bakin yatsa mafi tsawo, aka auna da tef ɗin tela, ƙafa biyun duka, aka ɗauki wadda ta fi. Ta ba da santimita 27. Ƙafar da ta girma cikin silifas da yashi takan yi faɗi, sai na sa aka auna faɗin shi ma.

Mai sayarwa na farko da na tuntuɓa ya rantse cewa nasa 43 ne cif. Na ce masa, "Alhaji, don Allah a zaro shimfiɗar cikin, a ɗora mata tef, a ɗauko mini hoto." Da hoton ya zo, santimita 26 da rabi ce. Takalmin gudu yana bukatar rarar kusan santimita guda a gaban yatsu, wannan kuwa ko tsawon ƙafar bai kai ba. Ban ce mutumin ya yi ƙarya ba, domin 43 ɗin ce aka buga a jiki. Lambar ce ba ta da ma'anar da mu biyun muka ba ta.

Kalma ta uku, orijinal, ita ce ta fi ba ɗalibin ilimin ma'ana sha'awa. A harshen da aka aro ta, abu ko dai na asali ne ko ba na asali ba. Da ta shigo bakin ƴan kasuwa sai ta sami matakai: ana jin "orijinal sosai", ana jin "kusan orijinal", har ma'anarta ta koma "mai ɗan ƙwari". Kalmar jabu kuwa tana nan da kaifinta, shi ya sa ba za ka taɓa jin mai kaya ya kira hajarsa da ita ba. Sai dai ya ce kwafi ne mai kyau. Wani lokaci ma na asalin yana cikin bosho, wanda maƙwabtanmu ke kira gwanjo, sabon da ke cikin kwali kuma shi ne kwaikwayo. Tambayar "mai kyau ne?" amsarta ɗaya ce a ko'ina. Tambayoyin da ke da amfani su ne waɗanda rantsuwa ba ta amsa su: a nuna takardar harshe kusa, a ga ko lambar samfurin ta yi daidai da ta jikin kwali; a lanƙwasa ƙasan a bidiyo; a haska ɗinki da layin gam. Zafin watan Afrilu a Maraɗi ba ya barin gam mai rauni, yadi mai manyan ramuka kuma yashi da ƙarangiya yake tarawa.

Ko wajen kuɗi harshe bai ƙyale mu ba. A wurinmu "ɗari biyar" dala ake nufi, wato sefa 2,500, jika kuma sefa 1,000 ce, alhali ɗan Kano naira yake ji. Na koyi rubuta farashi da alƙaluma tare da sunan kuɗin, da kuma yin magana a fili kan wanda zai biya direba idan kaya suka koma. In ba haka ba, cinikin biri a sama ke nan.

A wurin mai sayarwa na uku aka dace. A jikin nasa 44 aka rubuta, shimfiɗar ciki kuma santimita 28. Na tura rabin kuɗi, sauran sai da yaron ya saka takalmin a tasha ya taka. Da ya ga lambar ya ɗan ɓata fuska, ya ce shi fa 43 yake sakawa. Na ce ya fara zagaya filin makaranta da shi tukuna. Takardar da aka zana ƙafarsa tana nan cikin littafina na ilimin ma'ana, amma baɗi sai an sake aunawa, domin yaro ne mai tasowa.